Idon Bature da Idon Ɗan Kallo: Tarken Aikin William Sellers Daga Tsibirin Ikko Zuwa Majigin Arewa

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya taɓa tasowa daga Agege da sassafe ya nufi tsibirin Ikko ya san inda gadar Carter take sauke mutum, wato Idumota, cikin turmutsutsun 'yan kasuwa da 'yan dako da ƙarar motoci. A shekarun 1990 babu abin da ya fi ɗaukar ido a wannan wuri irin hotunan finafinan bidiyo da aka lilliƙa a bangaye, domin a nan ne dillalan kaset suka kafa sansani, daga nan kuma finafinan Nijeriya suke bazuwa zuwa Anaca da Aba da Kano, har su tsallake iyakar ƙasa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, shekara sittin da 'yan kai kafin haka, a lungunan wannan tsibiri, wani Bature ɗan Ingila mai suna William Sellers ya riƙa yawo da kyamara yana ɗaukar hotunan ɓeraye da kwatami.

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da wani Baturen duba-gari na Ikko? Amsa ita ce, wannan mutum shi ne uban majigi, majigi kuwa ita ce ƙofar da iyayenmu da kakanninmu da dama suka fara leƙa duniyar fim ta cikinta. Wannan maƙala za ta bi sawun aikinsa, ta feɗe ƙa'idojin da ya gina finafinansa a kai, sa'an nan ta duba ko akwai sauran ɓurɓushinsu a cikin abin da muke rubutawa da abin da muke kallo.

Daga Duba-gari Zuwa Mai Ba da Umarni

A shekarar 1924 annobar da ƙumar ɓera take yaɗawa ta ɓarke a Ikko. Ta fara ne daga unguwar Oko Awo, ba ta lafa ba sai wajen 1931. Ita ce ta jawo aka kafa hukumar raya birnin Ikko a 1928, aka shiga rushe gidajen talakawa da sunan tsafta. Sellers yana cikin ma'aikatan lafiya da aka ɗora wa yaƙi da wannan annoba. Matsalar da ya fuskanta ita ce yadda zai gamsar da jama'a cewa ɓera ne yake kawo musu ajali. A 1929 sai ya gwada nuna musu fim, ya ga mutane sun taru fiye da yadda suke taruwa in an kira lacca. Daga nan ya shiga ɗaukar finafinai da kansa, aka kuma ƙera masa mota mai ɗauke da injin wuta da na'urar haska hoto da farin ƙyalle, wadda za ta iya shiga garin da ba shi da lantarki. Irin wannan mota ce daga baya ta karaɗe lardunan Arewa, Hausawa suka raɗa wa abin suna majigi, sunan da suka riga suka ba fitilar haska hotuna da Turawa suka zo da ita tun farko.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939, gwamnatin Ingila ta buƙaci hanyar bayyana wa talakawan ƙasashen da take mulka dalilin yaƙin. Sai aka kafa Sashen Finafinai na Ƙasashen Mulkin Mallaka a London, aka kira Sellers daga Nijeriya aka damƙa masa. An haɗa shi da George Pearson, wani dattijo da ya yi suna a zamanin finafinai marasa magana, wanda kuma kafin ya shiga fim shugaban makaranta ne. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: duba-gari da hedimasta su ne suka tsara wa Afirka abin da za ta kalla. Sashen ya fitar da finafinai masu yawa, ya buɗe makarantar horar da masu ɗaukar fim a Ankara a 1948 inda 'yan Nijeriya suka halarta, ya kuma haifi sassan finafinai na ƙasashe daban-daban, ciki har da na Nijeriya, kafin a rufe shi a 1955.

Ƙa'idojin Sellers a Faifai

Sellers bai tsaya ga aiki kaɗai ba, ya yi rubutu yana bayyana hujjojinsa. A wata maƙala da ya buga a 1941 ya kira mutanen da yake yi wa fim da sunan da ke nufin mutanen da ba su waye ba. A ganinsa, idon Ba'afirken da bai yi boko ba bai san karatun hoto ba. Saboda haka ya gindaya ƙa'idoji. Kada kyamara ta riƙa motsi, domin ɗan kallo zai zaci gidaje da itatuwa ne suke gudu. Kada a matso da ita kusa da ƙaramin abu har ya cika allo. Kada a tsallake lokaci ko wuri: in mutum zai fita daga ɗaki ya je rijiya, to a nuna tashinsa da fitarsa da tafiyarsa da isarsa. Kowane hoto ya daɗe a kan allo. Labari ya zama guda ɗaya, darasi guda ɗaya. Zubin da sashen ya fi so shi ne na mutum biyu, mai hankali da wawa: mai hankali ya bi shawarar hukuma ya ga alheri, wawa ya ƙi ya gamu da wahala.

Fim ɗin da aka fi kafa misali da shi shi ne Mr English at Home na 1940, wanda yake bin wani kafinta na Ingila da iyalinsa daga tashi barci har kwanciya. A tashi, a wanke fuska, a karya kumallo, yara su tafi makaranta, uwargida ta je cefane. Babu rikici, babu kishiya, babu bashi, babu ko ɗan tuntuɓe. Wanda ya taso yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi zai yi ta jira a fara labarin, har a kashe inji ba a fara ba.

To, daga ina aka samo hujjar cewa idonmu bai iya kallo ba? Akasari daga labaran da ma'aikatan sinimar mulkin mallaka suka riƙa ba junansu. Ɗaya shi ne na sauro: wai an nuna sauro ya cika allo, sai 'yan kallo suka ce su kam ba su da damuwa, domin nasu sauron bai kai wannan girma ba. Na biyu shi ne na kaza, wanda masanin nan na Kanada, Marshall McLuhan, ya kawo a littafinsa na 1962 daga bakin wani Bature mai suna John Wilson. An nuna wa mutanen wani ƙauye fim na minti biyar a kan yadda ake zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwanaye. Da aka tambaye su abin da suka gani, sai suka ce kaza. Masu fim ba su ma san da wata kaza ba, sai da suka koma suka bi hoton dalla-dalla suka tarar ta gifta ta gefe na ɗan lokaci ƙanƙane.

Turawan sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ɗan ƙauye ba ya iya haɗa hoto gaba ɗaya a idonsa. Ni kuwa a nawa ganin wannan shi ne sharhin fim mafi kaifi da aka yi a wancan zamani. Minti biyar ana nuna wa manoma wani mutum yana ɗaga gwangwani a hankali kamar mai jinya, abin da kowace yarinya mai shara ta sani. A duk faɗin allon, kazar nan kaɗai ce take yin abin da ta ga dama, ita kaɗai ce ba a ba ta umarni ba. Idon da ya kama abin da mai kyamara da mai tace hoto suka kasa gani, ta yaya za a kira shi makahon ido? Batun sauro kuwa, duk wanda ya zauna a majalisar Hausawa ya san gatse in ya ji shi. Abin da ya fi yiwuwa shi ne wani mai barkwanci ne ya jefa magana aka yi dariya, Bature ya ciro littafi ya rubuta ta a matsayin binciken kimiyya.

Akwai hujjoji da suka fi hasashe ƙarfi. Tun watan Agusta na 1903 aka fara nuna fim a zauren Glover da ke Ikko, wato shekara 26 kafin Sellers ya kunna na'urarsa. A Kano an buɗe sinimar Rex a 1937, mutane suna biyan kuɗinsu suna kallon finafinan Amurka da Ingila masu gudun dawaki da yanke-yanken hoto, ba a taɓa jin sun watse don tsoron gidaje masu gudu ba. A daidai waɗannan shekaru, tsakanin 1937 da 1939, aka buga Magana Jari Ce na Abubakar Imam a Zariya, littafin da aku yake ba da labari a cikin labari, a bar fada a tafi wata ƙasa a dawo, ana karanta shi a zaure ga waɗanda ba su yi boko ba suna bi sarai. Mutanen da kunnensu ya iya wannan, me zai hana idonsu? Ƙarshenta ma hukumar da kanta ta tura wani masanin halayyar al'umma, Peter Morton-Williams, a farkon shekarun 1950, ya zauna da 'yan kallo a ƙauyukan Yarabawa da Hausawa da Ibo da Birom. Abin da ya gano bai goyi bayan Sellers ba: mutane suna saurin gane dabarun fim, inda ake samun saɓani shi ne wajen saƙon, domin suna auna shi da ma'aunin rayuwarsu, su ɗauki abin da ya yi musu su bar saura.

Adalci dai ya wajaba. Annobar Ikko gaskiya ce, ta kashe mutane, ɓera kuma shi ne ya yaɗa ta. Sellers ya yi aiki tuƙuru, ya kai fim garuruwan da ɗan kasuwa ba zai taɓa kai shi ba, kuma dattawan da suka ga majigi a ƙofar fadar hakimi har yau suna tuna daren da daɗi. Laifinsa ba na mugunta ba ne. Ya so mutane da lafiya, amma bai yarda suna da hankalin da ya kai nasa ba, kuma wannan raini ya shiga cikin kowane hoto da ya ɗauka.

Wani Baturen, Wata Hanyar

Domin a ga Sellers da kyau, yana da amfani a ajiye shi kusa da wani ɗan ƙasarsu, Terry Bishop, wanda shi cikakken mai ba da umarni ne na sana'a. A 1949 Bishop ya zo ƙasar Ibo ya ɗauki Daybreak in Udi, labarin yadda mutanen wani ƙauye suka gina ɗakin haihuwa da taimakon Di'o, E. R. Chadwick, wanda ya fito a matsayin kansa. Wani mai faɗa-a-ji ya yi adawa da aikin, har aka turo dodanni da dare don su tsorata ungozoma, amma aka yi nasara. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 1950. Ta fuskar salo ya yi wa finafinan Sellers nisa: akwai kiɗa, akwai fargaba, akwai wasa da haske da duhu a daren dodanni. Dalili kuwa shi ne ba don mu aka yi shi ba, an yi shi ne don mutanen Ingila su ga amfanin mulkin mallaka. Ga abin lura a nan: in fim a kanmu ne don Turawa su kalla, sai a zuba masa duk gwaninta, in kuwa don mu ne, sai a tsame gishirin. Duk da haka ƙashin bayan labarin ɗaya ne, mai hankali yana gefen Di'o, wawa yana gefen al'ada. Bishop ya koma gida ya ci gaba da ƙananan finafinan 'yan sanda da ɓarayi da shirye-shiryen talabijin irin su The Adventures of Robin Hood. Udi ta zame masa zango guda a tafiya. Sellers kuwa ya bar mana gado.

Gadon da Aka Bari

Bayan an rufe sashen London, gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da majigi. Motocin suka riƙa zagaya lardi-lardi da finafinan noma irin su Baban Larai, da na Yaƙi da Jahilci, da na rangadin Sardauna. A cikin wannan gida Alhaji Adamu Halilu ya koyi aiki. Fim ɗinsa na 1963, Mama Learns a Lesson, sunansa kaɗai ya isa ya nuna daga wace makaranta ya fito. Amma shi ne kuma a 1976 ya ɗauki Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mayar da shi fim, inda Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehu. Labari ne da dattijo yake ba almajiransa, a koma baya shekaru masu yawa, a ratsa hamada, a bi uwa tana neman ɗanta. Duk abin da Sellers ya ce kada a yi, an yi shi a nan, kuma ba a ji Bahaushen da ya ɓace a hanya ba. Haka nan finafinan Indiya da 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigowa da su tun shekarun 1950. Awa uku, cikin harshen da ba a ji, da mafarki da waƙa da tsallaken shekara ashirin, amma matasan Fagge da na Agege, inda har yau ake kiran wata unguwa Pen Cinema, suna fitowa suna ba da labarin tiryan-tiryan.

Sai kuma bidiyo ta zo. A Kano ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990. A Ikko wani ɗan kasuwa, Kenneth Nnebue, ya fitar da Living in Bondage a 1992 cikin harshen Ibo, aka yi ta rububinsa har waɗanda ba su jin harshen. Idumota ta zama cibiyar wannan ciniki, kamar yadda Ƙofar Wambai da Bata suka zama a Kano. A karo na farko ɗan kallo ne mai iko, domin kuɗinsa ne yake yanke hukuncin fim ɗin da za a sake yi. Tsibirin da aka fara gwajin finafinan marasa wayewa a kansa shi ne ya zama kasuwar da ta ƙaryata gwajin. Ba ina cewa dillalan Idumota waliyyai ba ne. Su ma suna da nasu rainin, na gaggawa da maimaita abin da ya ci kasuwa da raba labari ɗaya gida biyu ko uku don a sayar sau uku. Sai dai rainin ɗan kasuwa yana da magani, in mai saye ya juya baya dole ya gyara. Kasuwar kaset ɗin ma yanzu ta zama tarihi, satar fasaha da tauraron ɗan'adam da intanet sun ci ta, kallo ya koma waya.

Inda nake ganin Sellers bai mutu ba shi ne a bakinmu mu masu rubutu da masu fim na Hausa. Tambayi marubuci ko mai shirya fim manufarsa, da wuya ka ji ya ce yana son ya ba da labari mai daɗi. Abin da zai ce shi ne faɗakarwa da ilmantarwa da wayar da kan jama'a. Wa ya ce kan jama'a a duhu yake? Dubi yawan finafinan da aka gina a kan 'yan'uwa biyu, ɗaya mai biyayya ɗaya fanɗararre, ko mata biyu, ta gari da muguwa, sa'an nan a ƙarshe a kawo malami ko dattijo ya zauna ya fassara darasin da baki, kamar ana tsoron ɗan kallo bai gane ba. Wannan mai hankali da wawa ne suka sake riga. Mu ma a jami'a muna da hannu, domin ɗalibi yakan feɗe littafi ya lissafa jigon gargaɗi da jigon nasiha, ya ba shi maki gwargwadon yawan darussansa, ba tare da ya tambaya ko mutanen cikin littafin suna numfashi ba. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ƙungiyoyin ƙasashen waje masu ba da kuɗi a saka saƙon rigakafi ko na zaman lafiya a cikin wasa, duk sun ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi. Tashar Arewa24 ma da ta fara aiki a 2014, da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka aka kafa ta. Abin sha'awa shi ne, shirinta Daɗin Kowa ya karɓu ne saboda mutanen garin sun fi saƙon da aka ɗora musu rai.

Za a iya cewa, ai wa'azi a adabin Hausa ya girmi Sellers nesa ba kusa ba, tun waƙoƙin masu jihadi na ƙarni na 19. Haka ne, kuma ba na ɗora wa Bature duk abin da yake namu. Amma akwai bambanci. Mawallafin waƙar wa'azi yana ɗaure baitinsa da ƙafiya da karin Larabci, ya cika shi da kalmomi masu nauyi da ishara ga ayoyi, yana da yaƙinin cewa makaho mai bara zai haddace ta, matan kulle kuma za su gane ta. Yana yi wa mai sauraro gargaɗi, amma bai taɓa sassauta fasaharsa don yana zaton mai sauraron daƙiƙi ne ba. Sassauta fasaha saboda raina mai karɓa, wannan shi ne sabon abin da ya zo a motar majigi.

Akwai mutum guda da tarihin Sellers ya yi shiru a kansa. Yawancin finafinan sashen ba su da magana. Ana aiko su ne da takardar bayani da Turanci, sai tafinta ya tsaya gefen mota da lasifika yana fassarawa. Turawan sun sha kokawa cewa tafintoci ba sa bin takarda, suna ƙara nasu. Lalle kuwa suna ƙarawa. Shi ne yake raɗa wa mutanen cikin hoto sunayen Hausa, ya sa musu magana a baki, ya jefa karin magana, ya tsokani wawan har fili ya kece da dariya. Abin da jama'a suka kalla a ƙofar fada rabinsa na London ne, rabinsa na wannan ma'aikacin En'e ne da ba a rubuta sunansa a allo ba. Da yawa daga cikin finafinan suna nan a ajiye a taskar Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, an ma sa wasunsu a intanet, kowa yana iya ganin ɓerayen Ikko da kafintan Ingila. Muryar tafinta ce ba a ɗauka ba. Tana cikin kan tsofaffin da suka zauna a ƙasa a gaban farin ƙyallen suna yara, a Gumel ko Dutsin Ma ko Argungu, waɗanda mafi ƙanƙantarsu a yau sun ba sittin baya. Ɗalibin da yake neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai, ga rikoda ga hanyar ƙauye.